Inda ake tare masu gudu a hanya, da yadda zaka gane wurin tun kafin ka iso

Shekarar da na fara riƙe mota 'yar Amurka, wata Camry ce da na saya hannu na biyu, na taso daga Kano da sassafe zan je Kaduna, titi fayau ba kowa, na ɗora allurar maleji a kan 80 na saki jiki har ina yabon kaina wai yau na zama mutumin kirki. Ban ankara ba sai ga wani jami'i can gaba ya ɗaga min hannu, na gangara na tsaya, ya leƙo ya ce "Alhaji lafiya dai ko, ko mara lafiya aka ɗauko?" Na ce "Yallaɓai ai 80 nake yi, zo ka gani da idonka." Mutumin nan sai ya yi dariya ya miƙo yatsa ta taga ya nuna min ƙananan lambobin da ke cikin manyan, ya ce "80 ɗin me?" Ashe manyan lambobin mil ne, ƙananan su ne kilomita, 80 ɗin da nake taƙama da ita kusan 129 ce a lissafin da dokar Najeriya ta sani. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Toh daga nan za mu fara, in motarka daga Amurka aka shigo da ita ka duba da kyau me allurarka take ƙirgawa. Mil 60 kusan kilomita 97 ne, ka riƙe wannan kawai ya ishe ka, in allura ta haura 60 a manyan lambobi ko a kan tagwayen hanya ne to ka fara shiga gonar hukuma.

Ita dokar kanta ba wani abu ne mai wuya ba, mutane ne dai ba sa karantawa, lasin ma da yawanmu a gida aka kawo mana shi. Ƙaramar mota ta gida a cikin gari 50 ne iyakarta, a babbar hanya mai hannu ɗaya irin wadda ake kaucewa juna 80, a kan tagwayen hanya kuma 100. Motar haya, tasi ko bas, cikin gari 50, babbar hanya 80, tagwaye 90. Tirela da tanka 45 a gari, 50 a babbar hanya, 60 a tagwaye, eh 60, na san ka sha ganin daf ta wuce ka da lodin siminti kana kan 100 amma a takarda haka abin yake. Babur 50 ne. Kuma in akwai allo a gefen titi da ya rubuta ƙasa da haka, kamar wajen makaranta ko inda ake aiki, allon ne a gaba.

Sai kuma ka san wa ke tsaye a titin, don mu komai mai kaki ɗan sanda muke ce masa. 'Yan sanda na nan a shingayensu da motocin sintiri, su abin da suka fi tambaya takardun mota ne da lasin da izinin baƙin gilashi da abin da ke cikin but, suna da ikon kama mai tuƙin ganganci kam, amma maganar auna gudu a manyan hanyoyin tarayya aikin Hukumar Kiyaye Haɗura ce, 'yan Road Safety, wadda aka kafa tun 1988 zamanin Babangida, Wole Soyinka ne ma shugabanta na farko. Su ne masu na'urar nan da ake riƙewa a hannu kamar bindiga a saita mota ta nuna gudunta. A cikin gari kuma kowace jiha da nata jami'an kula da titi, Kano KAROTA masu rawaya da baƙi, Kaduna KASTLEA, Legas LASTMA, Abuja ga VIO masu duba lafiyar mota, duk da a Oktoban 2024 babbar kotun tarayya a Abuja ta ce VIO ɗin can ba su da hurumin tsayar da mota su ƙwace ko su ci tara.

Yanzu ga abin da na fahimta bayan shekaru ina bin hanyar Kano zuwa Abuja. Ba a tsayawa a ko'ina haka kawai. Mai son auna gudunka yana buƙatar abu uku, miƙaƙƙen titi da zai hango ka daga nesa don na'urar sai ta ga mota ɓaro-ɓaro take aiki, sai fili a gefe inda zai sa ka faka ba tare da tirela ta kwashe ku gaba ɗaya ba, sai kuma wuri kusa da ofis ko gari don in an riƙe mota a san inda za a kai ta, ga inuwar bishiya in ta samu don su ma mutane ne rana na dukansu. In ka haɗa ukun nan a ka, wallahi kafin ka ga shuɗiyar motarsu zuciyarka zata gaya maka nan wurinsu ne.

Wurin da ya fi kowanne shi ne bakin gari, wato daidai inda daji ya ƙare gidaje suka fara. Ka taho a 110 ko 120 tun daga nesa ƙafarka ta saba da totur, jikinka ya daina jin gudun, 80 ma ji zaka yi kamar rarrafe kake, to a daidai nan doka ta sauko daga 100 zuwa 50 kai kuma baka sauko ba. A hanyar Kano zuwa Zariya, kilomita 137 ɗin nan da aka sabunta ta yi sumul, garuruwan bakin titi ba sa ƙirguwa, Kura, Kadawa, Dakatsalle, Ciromawa, Kwanar Ɗangora, Tashar Yari, kowanne titi ne ya ratsa ta tsakiyarsa, kasuwa a wannan hannun masallaci a wancan, yara na tsallakawa da tallan gyaɗa da rake. 'Yan Road Safety na da ofis a Ciromawa da Tashar Yari, in ka wuce Zariya akwai a Birnin Yero, bayan Kaduna akwai Kakau da Katari, to duk inda ofis yake ka sa a ranka akwai motar sintiri a 'yan kilomitocin da ke kafinsa ko bayansa, don ba za su ƙona mai su tafi uwa duniya ba alhali aiki na bakin ƙofa.

Yadda nake yi, da zarar na hango dogon ƙarfen sabis na waya ko hasumiyar masallaci ko gidan mai na farko, ko na fara ganin masu faci da tayoyi a jere, sai in ɗage ƙafa daga totur in bar mota ta sauko da kanta, ba sai na taka birki ba. Kafin in kai gidajen farko na dawo 60, cikin gari 50 ko ƙasa. Wannan ya raba ni da jami'ai, ya kuma raba ni da tudun rage gudun nan da mutanen gari ke ginawa da kansu bayan an kaɗe musu yaro, wanda ba fenti ba allo, sai dai ka ji ƙasan mota ya daki abu, shokozoba ta tafi.

Ranar kasuwa kuma abin ya ninka. Kwanar Gafan lokacin tumatir, kwanduna har bakin kwalta, motoci na lodi a kan titi, Wudil ranar Juma'a da shanu da tireloli ga gada a gaba, duk irin wuraren nan zaka samu jami'ai, wani lokacin ma ba kama mutane ya kawo su ba raba gosulo suke, amma ka shigo musu a guje ka gani. Haka inda manyan motoci ke kwana, Mararrabar Jos da Tafa, tanka da tirela a jere hagu da dama sun rufe maka gani, mutum zai iya fitowa daga tsakanin biyu ba tare da ka gan shi ba. Ni a nan ko ba kowa a titi bana wuce 40.

Wuri na biyu shi ne bayan kwana ko bayan hawa. Wannan shi ne wanda direbobi ke cewa an yi musu kwanton ɓauna. Kana hawa tudu baka ganin abin da ke bayansa, ka ƙara wuta don mota ta hau, ka kai sama ka fara gangarowa gudu ya ƙaru da kansa, jami'ai suna can ƙasa a gindin gangaren suna kallonka tun daga sama, na'ura ta riga ta ɗauka kafin kai ka gane launin motarsu. Birkin da zaka taka a lokacin ba abin da zai goge, sai ma ya tona maka asiri don gaban mota zai duƙa kowa ya gani. Gangaren Kugbo a hanyar AYA zuwa Nyanya misali ne da duk ɗan Abuja ya sani, manyan motoci sun sha ƙwacewa a wurin, shi ya sa ba a rasa jami'ai a yankin.

Sai inda ake aikin hanya aka karkatar da motoci hannu ɗaya. Ɓangaren Abuja zuwa Kaduna ya daɗe a haka, ka yi tafiya a naka hannun sai a mayar da kai na masu tahowa, ka koma, a sake mayar da kai. A bakin kowace karkata akwai yiwuwar samun jami'ai, kuma laifin da ake kamawa a nan ya fi gudu tsada, don mai gaggawa shi ne ke fita layi ya yi obatekin inda ba a yi, ko ya yi aron hannu, daga nan an tashi daga maganar gudu an koma tuƙin ganganci.

A cikin gari labarin ya ɗan bambanta. Gaskiya a Kano ko Kaduna ko Zariya da wuya ka ga an saita maka na'ura a tsakiyar gari, abin da ke faruwa shi ne gudun ne ke jefa ka cikin wani laifin da ido ke gani. Ka taho a guje danja ta nuna ja ka kasa tsayawa ka wuce, ko ka tsaya amma ka haura layi, ko ka sauko daga gadar sama da gudu ka tarar da 'yan adaidaita sun tsaya ɗaukar fasinja a gindinta. Don haka wuraren su ne manyan mahaɗa da shataletale da gindin gadoji, irin su Ɗangi da Kabuga da Ƙofar Nasarawa da Na'ibawa a Kano, Kawo a Kaduna, Kwangila a Zariya. Sai titunan da suka miƙe suka yi faɗi har mutum ya manta a gari yake, titin Zariya daga Ɗangi zuwa Na'ibawa, titin BUK, titin Katsina wajen Kurna zuwa Mil Tara, titin Maiduguri wajen Hotoro da Mariri. Duk faɗinsu gari ne, mutane ke tsallakawa. Kusa da gidan gwamnati ko barikin soja ko gidan wani babba kuwa ba sai an gaya maka ba, can ba tara ce matsalarka ba.

Abuja ita ce ke ruɗar baƙo. Titin filin jirgi da titin Kubwa layi-layi ne kamar a ƙasar waje, mutum ya fito daga ramukan hanya ya hau wannan sai ƙafa ta yi nauyi. A nan na fi ganinsu wajen Lugbe da kusa da ƙofar shiga gari, da wajen Dei-Dei da Zuba, da Giri in zaka Gwagwalada, yawanci kusa da gadar masu tafiya a ƙasa ko inda ƙaramin titi ke haɗuwa da babba.

Legas kuma su sun wuce wurin, ba sai an tare ka ba. A Fabrairun 2025 gwamnatin jihar ta sanar da kyamarorin auna gudu, ɗaya a Alapere inda iyaka 80 ce, ɗaya a titin Mobolaji Bank Anthony a Ikeja inda iyaka 60 ce, tarar gudu naira 50,000, ta tsallake danja 20,000, saƙo kawai zai shigo wayar wanda sunansa ke kan rajistar motar. Gadar Third Mainland ma 80 ce kuma da kyamarori a kanta. 'Yan uwa masu kai kaya Mile 12 ku lura, Alapere a bakin hanyarku take. Wanda kuma ya sayar da mota bai canza suna a takarda ba, wani zai yi gudu a Legas tara ta same shi yana zaune a Funtuwa.

Lokaci ma wuri ne a wannan harkar. Kwanakin ƙaramar Sallah da babba, da ƙarshen shekara daga tsakiyar Disamba zuwa tsakiyar Janairu, ana fito da kusan kowa titi, har da kotun tafi-da-gidanka, alƙali na zaune a ƙarƙashin rumfa a gefen hanya ana yanke hukunci nan take. Wurin da ka saba wucewa ba kowa a watan Maris, jajibirin Sallah zaka same shi cike. Da safe daga wajen bakwai zuwa sha ɗaya da kuma yamma kafin magariba su ne lokutan da na fi cin karo da su, Juma'a da Lahadi da Litinin sun fi sauran ranaku saboda masu zuwa gida da masu komawa aiki.

Masu motar haya ku naku daban ne, tun 1 ga Fabrairun 2017 ake tilasta sa na'urar taƙaita gudu a motocin haya, to ko a tsaye aka same ka ana iya duba ko akwai ta kuma tana aiki. Na san abin da ake yi, a sa ta don a samu takarda sannan a je wajen mai wayarin ya cire mata waya, fasinja kuma na baya suna zuga direba wai "malam ka taka mana, ko amalanke muka hau", ranar da taya ta fashe a 140 da mutum goma a Sharon ba a jin bakin mai zugar.

Akwai al'adar nan ta direbobi, wanda ya fito daga inda jami'ai suke ya ɗan kunna maka fitila sau biyu ko ya nuna ƙasa da yatsa, ma'ana suna gaba. Tana da amfani ban musa ba, amma kar ka dogara da ita, a tagwayen hanya da kankare a tsakiya ba lallai ka lura ba, kuma fitilar nan ɗaya ce ko jami'ai ne a gaba ko haɗari ko shanu ko waɗanda ba a fata. In an yi maka ka rage gudu kawai ka buɗe ido, kar ka tsaya fassara.

Wani lissafi da na taɓa yi a tasha muna jiran mota ta cika, Kano zuwa Zariya a 100 minti 82 ne, a 120 kusan minti 69, wato duk ƙure malejin nan minti 13 ko 14 ya saya maka, shi ma in ba ka tsaya ko'ina ba, kuma tsayawa ɗaya a hannun jami'ai ta cinye ninkinsa uku. A 100 mota na cin mita 28 duk daƙiƙa ɗaya, kafin ka ga abu ka taka birki ta tsaya cak a busasshen titi kana buƙatar sama da mita 70, a 130 kuwa sama da 120, ya fi tsawon filin ƙwallo. Ga man da take sha a banza a wannan tsadar.

To in an riga an ɗaga maka hannu fa? Ka sa sigina ka gangara gefe sosai ka tsaya, kar ka yi tunanin gudu, suna da waya akwai wasu a gaba, kuma bin mota a guje ya kashe mutanen da ba ruwansu. Ka sauke gilashi ka yi sallama, "sannu da aiki yallaɓai" bata rage ka da komai ba. In ya ce ka yi gudu ka roƙe shi cikin ladabi ya nuna maka abin da na'ura ta ɗauka. Kar ka fara da "ka san ko ni waye" ko kiran wani oga a waya, na ga inda maganar da zata ƙare da gargaɗi ta koma an ja mota ofis saboda baki. A jadawalin tarar Road Safety gudun wuce ƙa'ida naira 3,000 ne, rashin ɗaura bel 2,000, waya a hannu kana tuƙi 4,000, obalodi 10,000, tuƙin ganganci 50,000, kuma yunƙurin ba jami'i na goro shi kansa laifi ne na 10,000. Kaga gudun shi kaɗai ba shi ne mai tsadar ba, abin da ke faruwa shi ne da an tsayar da kai sai a duba komai, lasin ya ƙare, ba abin kashe gobara, taya ta suɗe, gilashi ya tsage, kafin ka ankara takarda ta cika.

Za a rubuta maka takardar laifi a riƙe lasinka ko takardun mota, wani lokacin motar kanta in laifin babba ne. Ba a biya a hannu, ta Remita, wato tsarin biyan kuɗin gwamnati, ake biya a banki ko a waya, ka kai shaidar biya ofishin da ya kama ka su ba ka kayanka. Nan ne wahalar take, in a Tashar Yari aka riƙe lasinka kana hanyar Abuja to Tashar Yari zaka dawo, don haka kafin ka bar wurin ka karanta takardar ka tabbatar an rubuta lambar motarka daidai da laifin da aka gaya maka da sunan ofishin, ka tambayi ƙarfe nawa suke tashi. In kana ganin an zalunce ka kar ka biya, kana da damar zuwa kotu ka yi bayani. Lambar 122 kuma ka ajiye ta a waya, ta kiran gaggawa ce ta Road Safety kyauta in ka tarar da haɗari a hanya. Rasit ɗin biyan ka ɗauke shi hoto nan take, irin takardar POS ɗin nan ce mai gogewa, sati biyu a aljihun gaban mota cikin zafin Afrilu sai ka ciro farar takarda.